Idan Maigida Ya Kwanta da Ciwon Daji: Jan Hankali ga Iyalai a Madalla

Jama'a, ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa, ba baƙo ba ne a gidajenmu. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 mutum fiye da 120,000 ne suka kamu da shi a Nijeriya, fiye da 70,000 kuma suka riga mu gidan gaskiya ta dalilinsa. A cikin maza, wanda ya fi yawa shi ne na mafitsara, wato mai kama ɗan ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsara, kuma ya fi samun wanda ya haura shekara 50. Iyayenmu ke nan. Saboda haka wannan takarda ta 'ya'ya ce da matan gida, waɗanda nauyin jinya zai hau kansu.

Abin da ya fara cutar da mu shi ne kunya. Dattijo zai riƙa tashi da buta sau da yawa cikin dare, ya daɗe a bayan gida, fitsari na zuwa ɗis-ɗis, wani lokaci har da jini, ga ciwon ƙugu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Uwargida ta sani, 'ya'ya sun lura, amma wa zai dubi idon Baba ya yi masa zancen fitsari? Sai a ce tsufa ne, ko basir, ko sanyi. To, idan bakinku ya yi nauyi, ku nemi baffanku ko amininsa na masallaci ko na coci ya yi masa magana. Ba kowace matsalar fitsari ce daji ba, sau da yawa kumburi ne kawai na shekaru. Amma likita ne zai bambance, da gwajin jini mai suna PSA, in ta kama kuma a ɗebi ɗan ƙanƙanin nama a kai ɗakin gwaji.

A nan ne ake samun turjiya, don an daɗe ana cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da an yi masa allura ko an sa wuƙa sai ya fantsama. Wannan magana ba ta da tushe, kuma ta kai mutane da yawa kabari. Abin da ke faruwa shi ne, ba a kai marar lafiya asibiti sai ciwo ya gama cin jiki, in ya cika bayan aiki sai a ɗora wa wuƙa laifi. Addu'a wajibi ce, ba mai hana ku. Amma mai lasifika da ke tallar gora ɗaya a kasuwar Madalla, wai tana maganin daji da hawan jini da rashin haihuwa gaba ɗaya, kuɗinku yake so. Wata shidan da za a ɓata a hannunsa su ne watannin da magani ya fi ci.

Mu mutanen Madalla ma Allah ya rufa mana asiri ta fuskar kusanci. Ga Babban Asibitin Suleja a nan gefenmu, inda za a fara. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, in an bi ta Zuba. Ga Asibitin Ƙasa a Abuja, mai na'urar gashin daji, wadda mutane ke baro jihohi masu nisa su kama ɗaki saboda ita. Akwai kuma na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya. Na'urorin gashi kaɗan ne a ƙasar nan, layi kuwa da tsawo, don haka ranar da aka ba ku kada ta wuce ku.

Da zarar sakamako ya fito, a yi zaman gida. Ba zaman koke-koke ba, zaman rabon aiki. Jinyar daji doguwa ce: ruwan maganin da ake kira kemo yawanci bayan mako uku-uku ake sa shi, gashi kuma kullum ne daga Litinin zuwa Juma'a har makonni, mai ciwon mafitsara kuwa sau da yawa allura ake yi masa duk wata ko duk wata uku. Mutum ɗaya ba zai iya ba. A samu ɗa guda mai natsuwa ya zama shi ke shiga wurin likita, da littafi a hannu, yana rubuta sunan kowane magani da ranar komawa. Kati da hotuna da sakamakon gwaji su zauna a jaka ɗaya, ba wannan a aljihun yaya, wancan a ƙarƙashin katifar Hajiya ba. Wanda ke aiki a Abuja ya daidaita fitarsa da ranar asibiti, a yi sammako kafin cunkoson Zuba. Kuma abin takaici ne yadda ake sakar wa uwargida da 'ya mace ɗaya wanki da girki da kwanan zaune, maza su leƙo da yamma su ce "ya jiki" su wuce. Juya uba a kan gado da canza masa jakar fitsari aikin ɗa namiji ne, ba abin ƙyama ba.

Sai kuɗi, inda zumunci ke tsinkewa. Ku tambayi likita kiyasin kuɗin maganin tun daga farko har ƙarshe, domin a fara a tsaya a tsakiya asara ce biyu. Kowa ya faɗi abin da zai iya duk wata, komai ƙanƙantarsa, a rubuta shige da fice kowa ya gani. A shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu dajin nono, na bakin mahaifa da na mafitsara, kuma Asibitin Ƙasa da na Shika suna cikin waɗanda aka fara da su. Ba ya ɗauke komai, amma ku je ofishin jin daɗin marasa lafiya ku tambaya kafin ku sa gona ko shago a kasuwa.

Kada ku ɓoye wa Baba ciwonsa. Mutumin da ya riƙe gida shekara da shekaru ba yaro ba ne. Yana ganin kuna ƙus-ƙus a zaure, ya san akwai magana. Yana da haƙƙin ya zaɓi magani, ya biya bashi, ya bar wasiyya. Masu dubiya kuma a taƙaita su, musamman mai mura ko tari, don kemo na raunana garkuwar jiki. In abinci ya fita ransa, a ba shi kaɗan-kaɗan, kunu ko farfesu. In ciwo ya hana shi barci, a gaya wa likita, akwai magunguna masu ƙarfi na rage raɗaɗi. Daurewa a nan ba jarumta ba ce.

Abu ɗaya ne ba ya jiran gari ya waye: zazzaɓi bayan an sa kemo. Ku ajiye ma'aunin zafin jiki a ɗakin Baba. In zafin jikinsa ya kai digiri 38, kada ku tsaya kemis, ku nemi mota ku kai shi asibitin da ke duba shi, ko da tsakar dare ne.