DARASI: ƘIBA, CIWON MAƘOƘO DA AIKIN DAMINA

'Yan'uwa manoma, bayan an tashi daga taron ƙungiya wata uwa ta tsayar da ni ta ce, "Malam, tun asuba ina kan ƙafata, daga rijiya zuwa gona, daga gona zuwa murhu. Cina bai ƙaru ba, amma jikina sai ƙara nauyi yake yi. Na rage tuwo har wata biyu, ban ga canji ba, na bari." Akwai irinta da yawa a cikinmu, suna jin kunyar faɗa domin ana yi musu ba'a, ana cewa haɗama ce ko lalaci. Darasin nan domin su ne.

Ina tushen abin yake?

A gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka da likitoci suke kira tayroid. Ita take fitar da sinadarin da yake sa jiki ya ƙone abinci ya mai da shi ƙarfi. Tana bukatar aidin, wanda muke samu a gishiri. Idan aidin ya kasa, ko kuwa ciwo ya taɓa tsokar, sai aikinta ya yi sanyi. Mutum ya riƙa jin gajiya da sanyi, fata ta bushe, bayan gida ya yi wuya, gashi ya zube, nauyi ya ƙaru. Wani wuyansa yakan kumbura, shi ne maƙoƙo, wani kuwa ba ya kumbura ko kaɗan. Ya fi kama mata. Gwajin jini a asibiti ne kaɗai zai nuna gaskiyar abin.

Tun 1993 Nijeriya ta kafa dokar sa aidin cikin gishirin ci. Ku sayi na cikin leda mai shaida, ku ajiye shi a rufe, nesa da wuta da laima. Masu cin rogo kuma su jiƙa shi kwana 3 zuwa 4, domin dafin ɗanyen rogo yana hana jiki amfani da aidin.

In likita ya ba da ƙwaya, kullum ake shan ta, sau da yawa har iyakar rai. Amma kada mu ruɗi kanmu: nauyin da ciwon nan yake kawowa ba ya cika wuce kilo 2 zuwa 5. Sauran sai an gyara ci da motsa jiki.

Yadda za a jure a tsakiyar aiki

1. Haɗa magani da abin da kike yi kullum. Ki sha ƙwayar da ruwa da zarar kin tashi, ki yi shara, ki ɗebo ruwa, bayan rabin awa ko awa ɗaya ki sha koko. Ana sake gwajin jini bayan mako 6 zuwa 8, saboda haka kada ki yanke hukunci kafin lokacin.

2. Kada ki wuni da yunwa a gona, da dare ki ci na mutum biyu. Tafi da dafaffen wake ko kwaɗon zogale. Da dare ki rage malmala, ki ƙara miyar ganye.

3. Canji ɗaya a wata ɗaya ya isa. Wannan wata a rage sukari a shayi, na gaba a bar lemon kwalba, na uku a rage mai a miya.

4. Sikelin da ƙungiya take auna hatsi zai auna mutum. Sau biyu a wata ya isa, a rubuta a littafi. Ki kuma auna ƙugu da igiya ki ƙulla alama, gama wani lokaci ƙugu yana raguwa sikeli bai motsa ba.

5. Kada a sa dogon buri. Rabin kilo a mako ci gaba ne mai kyau. Mai kilo 80 da ya rage kilo 4 ya riga ya taimaki kansa wajen hawan jini da ciwon sukari.

6. A yi hankali da kaka da rani. Rumbu ya cika, bukukuwa sun zo, aiki ya ragu. Lokacin ne za a yi tafiyar rabin awa da sauri, kwana 5 a mako, biyu biyu ko uku uku.

Ku guji shayin rage ƙiba na kasuwa. Yawancinsa zawo yake sawa, ruwa ne yake fita, kitse yana nan. Mai ciki kuma kada ta rage ci, kada ta bar ƙwayarta, sai dai ta sanar da likita da wuri.

Wanda ya shuka dawa ba ya tone ramin kashegari ya ce iri ya mutu. In kin fāɗi mako guda saboda noman fari ko biki, ki koma inda kika tsaya. Ku maza, ku taya matanku da kuɗin mota zuwa asibiti, ku bar ba'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne alamu ne za su sa mu kai mutum gwajin jini?
2. Wane irin gishiri ake sayarwa a kasuwarmu, yaya muke ajiye shi?
3. Ko asusun ƙungiya zai iya ba da rancen kuɗin gwaji?
4. Wa zai riƙe littafin awo, ya kuma rufa asirin kowa?