Idan Durun Za Ta Yi Bikin Kaka: Shawarwari Ga Magidanta Da Matan Gida

Da an gama yankan dawa, an ɗaure dammuna an kai rumbu, ƙauyukan Kabo da Gwarzo sukan ɗan sami sararawa. Ba ta daɗewa. Kafin a ankara masu noman rani sun koma bakin ruwa wajen Guzu-guzu da Magaga, sauran samari kuma sun ɗaure jaka sun nufi Kano ko Abuja ko Legas cin rani. A wannan 'yar tazara ce mutanen da can suke yin kalankuwa, da kiɗa da dambe da kokawa da gaɗa, murnar Allah ya kawo kaka lafiya. A garuruwa da yawa abin ya mutu, wani wuri don malamai sun ƙi cakuɗuwar maza da mata da kwana ana rawa, wani wuri don babu mai ɗaukar nauyi.

Duk sanda maganar farfaɗo da irin wannan taro ta taso, akan kafa kwamiti, kwamiti ya fara lissafin rumfa da kujeru da lasifika. Gari irin Durun, ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, ba shi da kuɗin ƙonawa a kan hayaniyar wuni ɗaya. Bikin da ya cancanci wahala shi ne wanda yaro zai tsaya a gaban jama'a riƙe da abin da ya yi da hannunsa, kuma wannan aiki a cikin gidaje ake yin sa, makonni kafin a kafa rumfa. Ga abin da ya rataya a kan kowane gida.

1. Ku sa baki wajen tsayar da rana. Maigida ne ya san yaushe 'ya'yansa za su tafi, uwargida ce ta san yaushe ake gama sussuka da ɓarar gyaɗa. Hutun makaranta na watan Disamba ya fi dacewa: akwai hatsi, akwai ɗan kuɗi a hannu, ɗalibai suna gida. Idan aka bari har bazara ta shigo, an haɗu da zafi da ƙarancin ruwa da lokacin sanƙarau, wanda cunkoso ke ƙara yaɗa shi. A kauce wa ranar kasuwar Getso da ta Gwarzo, domin babu maƙerin da zai bar cinikinsa ya zo nuna wa yara zuga. A kuma riƙa duba kalandar Musulunci, tunda azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2030 a farkon Janairu zai kama, daga nan kuma ya shiga tsakiyar kaka.

2. Wata biyu kafin biki, kowane gida ya zaɓi sana'a ɗaya da yaro aƙalla ɗaya. Wannan ce shawarar da sauran suka dogara a kanta. Ba a buƙatar ɗauko malami daga birni, malaman suna nan cikin gari: maƙeri mai fartanya da lauje da magirbi, masassaƙi mai turmi da ƙota, baduku, magini da ya san kwaɓin ƙasa da jera azara, mai tufkar igiyar rama, tsohuwa mai saƙar faifai da mai daddawa. Maigida ya ɗauki goro ya je da kansa, ya ce, "Baba, ga ɗanka na kawo, a nuna masa ko riƙe guduma ne." Aike ba ya wadatarwa a nan. Mai sana'a ya fi sakin jiki da yaron da ubansa ya tako ƙafa ya kawo.

A yi yarjejeniya a kan abu guda ƙarami da yaro zai iya gamawa: ƙota ɗaya, faifai ɗaya, igiyar ɗaure akuya, hula ɗaya ko da aikinta bai kai na gwanaye ba. Awa biyu bayan la'asar, kwana uku a mako, ya isa ba tare da an taɓa makarantar boko ko ta allo ba. Sharaɗin da zan so gidaje su riƙe da ƙarfi shi ne kada babba ya ƙarasa wa yaro aiki don gida ya ci gasa. Faifan yarinya mai karkataccen baki ya fi wanda kakarta ta saƙa da dare aka ce nata ne, kuma alƙalai su sa kowane yaro ya yi ɗan aikin a gabansu, nan take za a gane.

Akwai wata matsala da ba a cika faɗinta a fili ba. Wasu gidajen suna ganin ƙira da jima da fawa da wanzanci sana'o'in gado ne na wasu, ɗansu ya fi ƙarfinsu. Mai wannan tunani ya je kasuwar Kurmi ya tambayi kuɗin jakar fata ɗinkin hannu, ko ya tambayi nawa ake sayar da kilishi. Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Aska da Sarkin Noma, inda akwai su, a ba su kujerun gaba ranar biki, yara su ga ana girmama su.

3. Kada a ce sai sana'ar kakanni kaɗai. Mai gyaran injin ban ruwa, mai haɗa sola, mai walda, bakaniken babur, mai gyaran waya da tela duk malamai ne, kuma samari sun fi saurin zuwa wurinsu. A ba su rumfa kusa da ta maƙera. Gasar kwance kafireto a wanke a mayar, ko ta liƙin taya, za ta tara 'yan kallo ba kaɗan ba.

4. Uwargida, naki rabon ya fi na kowa yawa, don haka kada a bari a yi shi a bayan idonki. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, daddawar kalwa, awara, alkaki, nakiya, dakuwa, ɗinkin hula, saƙa, kitso da lalle, duk a hannun mata suke. Tunda matan aure da yawa ba za su fita fili ba, a ware musu wuri nasu mai katanga, kamar makarantar Islamiyya ko firamare, alƙalansu mata, masu tsaron ƙofa mata. Kayan da suka yi fice sai a kai babban fili da sunan gida. Abin da za a tsaya a kai tun farko shi ne kuɗin ciniki da kyautar gasa su koma hannun wadda ta yi aikin. Na sha ganin inda mace ta kwana uku tana tuya, miji ya karɓi kyauta a gaban jama'a, ita ko labari ba ta ji da kyau ba. Wadda aka yi wa haka ba za ta sake ba.

'Yan mata kuma kada a mai da su 'yan talla ranar biki. Yarinyar da ta koyi matse mai ta zauna a rumfa kusa da babbar mace, ta auna, ta faɗi farashi, ta ba da canji, ta rubuta abin da ta sayar. Wannan lissafin ma darasi ne.

5. Ku biya kuɗin bikinku da kanku, ko da kaɗan ne. Lokacin kaka ba kowa ke da tsabar kuɗi ba, amma kowa yana da hatsi. A yanka wa kowane gida kwano ɗaya ko biyu na dawa ko masara, mai hali ya ƙara, 'yan gari mazauna birni su turo nasu. A sayar da wani, a dafa wani. Ma'aji daban, mai rubutu daban, kuma bayan biki a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙofar gidan dagaci kowa yana ji. Mai rubutun ya zama ɗalibin sakandare, a sa babba ya riƙa duba shi.

Ɗan siyasa zai zo, musamman idan zaɓe ya ƙarato. Gudummawarsa a karɓa a rubuta kamar ta kowa, amma kada a rataya hotonsa, kada a bar mawaƙinsa ya karɓe lasifika. Ranar da biki ya zama na jam'iyya ɗaya, rabin gari zai zauna a gida, kuma shekarar da ya faɗi zaɓe bikin ya faɗi tare da shi.

6. A fara da manya kafin a buga ganga. Masu unguwanni, dagaci, liman, sannan hakimi. A sanar da 'yan sanda da Hisba da 'yan sintiri. A gaya wa liman tsarin dalla-dalla, a sa musabaƙar yara da baje kolin zayyanar allo a ciki, a tsayar da komai lokacin salla. Abin da ya kashe kalankuwa a wurare da dama dare ne, saboda haka a tashi kafin magariba. Ga kuma halin tsaro a garuruwan da ke kusa da iyakar Katsina. Baƙi su isa gida da sauran haske.

7. Wasa yana son doka. A Jamhuriyar Nijar, tun 1975 da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, abin ya ɗore har ya zama ana tsayar da aiki don sauraronsa, kowace jiha daga cikin takwas tana kawo 'yan kokawa goma su nemi takobi. Da tsari aka kai nan: akwai alƙali, akwai lokaci, kowa ya san abin da ake kira kaye. Durun ma ta rubuta nata a takarda ɗaya. A haɗa yara sa'a da sa'a. Dambe a bar wa manya, a duba naɗin hannu kafin a shiga fage, wanda aka ga alamar ya sha ƙwaya a fitar da shi ko ɗan waye. Wannan aikin iyaye ne kafin ya zama na alƙali, domin uba ya fi kowa sanin idon ɗansa.

Langa da dara da gaɗa da carafke ba sa cin ko sisi, kuma su ne yara suka fi mantawa. Sukuwar dawaki kuwa, in ba a da fili mai faɗi da igiyar tare jama'a, a haƙura da ita. Haka bindigar toka da wasan wuƙa a tsakiyar yara.

8. Tsofaffin gida su ne littafin bikin. Kafin ranar, a sa jikoki su zauna da kaka su tambaye ta yadda ake kaɗi da mazari, sunayen irin dawa da gero da aka daina shukawa, daga ina zuriyar gidan ta taso, wace rijiya ce ta fi tsufa a gari. A ɗauka a waya, ɗalibi ya rubuta da boko ko ajami, a karanta mafi kyau ranar biki. Tsofaffin kaya irin su akushi, taskira, tulu, saƙi da kwashe a fito da su, a manna takarda mai sunan gida don kada su ɓace, kuma kada a sayar wa baƙo komai ya taya.

A nan zan ɗan yi ƙorafi. Wata al'ada ta shigo ta bukukuwan aure a birni, inda ake sa tsummokara a shafa baƙi a fuska a ce wai shigar ƙauyawa, har hukumar tace fina-finai ta Kano ta hana abin a 2025. Zai zama abin kunya mutanen karkara su kwaikwayi masu yi musu ba'a. Kakanninmu ranar biki mafi kyawun kayansu suke sawa. Kowa ya wanke wanda yake da shi ya sa. Kada a ɗora wa gidaje anko, bashi ne kawai zai biyo baya. Masu waya kuma su nemi izini kafin su ɗora hoton matar wani ko 'yar wani a Facebook ko TikTok.

9. Ruwa, wuta, makewayi. Ruwan sha da na dama fura da kunun zaƙi ya fito daga burtsatse, a rufe shi, a sa moɗa mai mariƙi. A ajiye buta da sabulu kusa da masu abinci, a tanadi makewayi na maza da na mata, domin amai da gudawa ba ya buƙatar fiye da randa ɗaya marar tsabta. Lokacin hunturu ne, iska tana kaɗawa, ga karan dawa ko'ina: murhu da maƙera su yi nesa da rumfunan zana, da bokitin ruwa da yashi a gefe. A gayyato ma'aikacin lafiya na gari ya zauna da akwatinsa, a kuma tsayar da mota ɗaya da za ta iya kai mutum babban asibitin Gwarzo. Yaro ƙarami kada ya fita sai da babban da aka damƙa wa shi.

10. Kada ku auna kanku da Argungu. Bikin kamun kifi na can ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, sai a 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya, hawan sallar Kano kuma ya shiga a 2024. Shekara ta farko unguwa biyu ko uku da rumfa goma sun isa. Idan ta yi kyau, mutanen maƙwabtan garuruwa irin su Garo da Gude da Godiya da kansu za su tambayi ranar ta baɗi.

11. Kyauta ta zama kayan aiki. Guduma da awartaki ga ɗan maƙera, almakashi da zare ga mai ɗinki, 'yar akuya ga yarinyar da ta fi kowa, kuma a tuna da malamin da ya koyar, ko da turmin atamfa ne ko yadin shadda. Tsabar kuɗi a hannun yaro ba ta kwana.

Washegarin biki maigida ya koma wurin mai sana'a ya yi godiya, ya tambaye shi tsakani da Allah ko yaron yana da hannu. In ya ce yana da shi, a daidaita yadda zai ci gaba da zuwa har faɗuwar damina, da abin da za a riƙa ba malami. In ya ce babu, a gwada wata sana'ar baɗi. Duk wanda ya ba da aiki ranar biki, faifai biyar ko kwalbar mai goma, a rubuta sunansa da ranar karɓa, uwargida ta tsaya a kan yarinya har a cika alkawari a kan lokaci. Mai rubutun kwamiti kuma ya ajiye sunayen yaran da suka nuna aiki bana, domin baɗi a fara da kiransu a ga inda kowa ya kai.