Jan Gaba Ko Jan Baya: San Motarka Kafin Ka Shiga Taɓon Damina



Ni bakanike ne, fiye da shekara 20 ina wannan sana'a a Birnin Kudu. Kowace shekara, da zarar ruwa ya zauna a Yuli da Agusta, aikin da ke cika mini gareji iri ɗaya ne: kuloci ya ƙone, shaf ɗin gaba ya karye, bamba ta ɓalle wurin ja da igiya. In ka tambayi mai motar yadda aka yi, sai ya ce, "Oga, kafewa ta yi, na ba ta wuta." Wannan ba da wutar shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A daminar bara an jawo mini wata Golf daga wani ƙauye da ke bayan Sara. Yaron da ke tuƙa ta ya danƙare but da buhunan masara, ya ƙara wasu a kujerar baya. Ya tsallake fadama lafiya, da ya zo hawan tudu sai tayoyin gaba suka riƙa juyawa a banza. Ya yi ta taka totur har warin kuloci ya cika motar. Na ce masa, "Ɗana, wace taya ce ke jan motar nan?" Ya ce ai duka huɗun. Shekararsa uku yana tuƙi, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa.

To, ga yadda abin yake. Golf, Sharon, Corolla, Camry, Honda, Peugeot 406, har da J5, duk tayoyin gaba ke jan su. Hiace da muke kira Homa, Canter, tsofaffin Marsandi, Peugeot 504 da a-kori-kura, tayoyin baya ke tura su. Hilux ma baya ke tura ta muddin ba ka sa mata fowil ba. In kana shakka, durƙusa ka leƙa ƙarƙashi. Idan ka ga farfela ta miƙe daga giya har zuwa wani ƙullutun ƙarfe a tsakanin tayoyin baya, ƙarfin inji yana kai wa baya ke nan. In babu, jan gaba ce.

Ƙa'idar guda ɗaya ce: taya ba ta kama ƙasa sai da nauyi a kanta. Mota mai jan gaba inji da giya suna zaune a kan tayoyin da ke aikin, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinta yana gaba. Shi ya sa Golf marar kaya za ta ratsa santsin da a-kori-kura marar kaya za ta tsaya tana wutsil-wutsil da gindi. Amma da ka labta mata kaya a baya, ka ɗage mata hanci, ka ƙwace mata wannan falalar. In ga hawa kuma, nauyin sai ya ƙara zubewa baya. Mai jan baya kuwa akasin haka take, kaya ke ƙara mata kamun ƙasa. Mutanen Kanada da arewacin Amurka, da ke fama da dusar ƙanƙara, har buhunan yashi suke jerawa a bayan a-kori-kurarsu in hunturu ya shigo. Su ƙanƙara, mu taɓo da laka, amma santsi ɗaya ne.

A nan ne na gano inda kuskuren danne bayan mota ya samo asali. Iyayen gidanmu a kan 404 da 504 suka koyi tuƙi, motocin da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, kuma dukkansu jan baya ne. Da suka ce "in ta kafe, a hau bayanta a danne", gaskiya suka faɗa a kan motocinsu. Mu kuma muka gaji maganar muka ɗora wa Golf da Sharon. Sau nawa ka ga ƙarti sun ɗare but ɗin Sharon suna jijjiga ta a cikin caɓi? Ƙara kafar da ita suke yi. Ita sauke mata kayan baya ake yi. In gajeren hawa ne kuma babu mota a kusa, juya ta ka hau da ribas, nauyin zai koma kan tayoyin da ke ja.

Sai maganar kwana, wadda ta fi kafewa haɗari, domin kafewa kuɗi take ci, kwana kuwa rai. A hanyar burji da ruwa ya jiƙa, ko kwaltar da aka yi wa yayyafin farko bayan rani, kowace mota da irin zillewarta. Mai jan gaba, ka murɗa sitiyari amma ta ƙi bi, ta miƙe sak ta nufi daji. Kada ka ƙara murɗawa, kada ka daki birki. Ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka ɗan sassauta sitiyarin, za ka ji tayoyin sun sake kamawa. Mai jan baya ita gindinta ke fita, musamman Homa da ta sauke fasinja. In gindin ya yi dama, bi shi da sitiyari dama, ka sassauta totur, idonka na kan inda kake son zuwa. Maganin duka biyun dai shi ne a rage gudu tun kafin a shiga kwanar. Masu fowil kuma kada su ruɗu: fowil tashi take taimakawa, ba tsayawa ba. In motarka na da birkin ABS, taka ka riƙe, karkarwar da za ka ji a ƙafarka aikinsa yake yi.

In ƙaddara ta sa ka kafe, fara sauka ka duba. Yawanci taya ɗaya za ka ga tana gudu, ɗayar na tsaye, haka aka ƙera motar, ƙarfi na tafiya wurin tayar da ba ta da kamu. Kowane totur da ka ƙara rami kake haƙawa. Miƙe sitiyari, kwashe taɓon da ke gaban tayoyin da ke ja, ka cusa musu karan dawa, rassa ko tsakuwa. Tashi da giya ta biyu da ɗan totur kaɗan, ka riƙa yi mata lilo, gaba kaɗan baya kaɗan. Mai jan baya, ka ɗan ja birkin hannu tsini biyu ko uku, sau da yawa yakan sa tayar da ke tsaye ta motsa. In yashi ne, rage iskar taya, da ka fita ka nemi mai faci ya mayar. Masu turi kada su tsaya daidai bayan tayar da ke juyawa, tana harbo dutse.

Duk wannan bayanin banza ne in taya ta suɗe. In biyu kaɗai za ka iya saya, sa sababbin a baya ko da motar jan gaba ce, don zillewar gindi ta fi wuyar kamawa. Masu sayen tayar Beljiyam, ku duba gefenta. In kun ga hoton dutse mai tsini uku da alamar ƙanƙara a ciki, yawanci tayar hunturun Turai ce, an yi robarta don sanyin da bai kai digiri 7 ba, mu kuwa a Afrilu muna haura 40, nan da nan za ta cinye. Ku duba lambobi huɗun da ke ƙarshen layin DOT: 2319 na nufin sati na 23 na shekarar 2019.

Abu ɗaya ne babu jan gaba ko jan baya a cikinsa, wato ruwa mai gudu. Ba mu manta da Agustan 2021 ba, lokacin da ruwa ya cinye gadar Radabi a hanyar Gwaram zuwa Basirka, fiye da mutum 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. In ruwa ya rufe hanya ba ka ganin kwalta, ko dare ya yi bayan an sheƙa ruwa, tsaya ka tambayi mutanen gari. Sannu ba ta hana zuwa.

Roƙona ga shugabannin tasha da iyayen gida: kafin ku miƙa wa yaro makulli a daminar nan, ku durƙusa tare da shi ku nuna masa tayar da ke jan motar da inda zai ɗora kaya. Kai kuma direba, tuna cewa rayukan da ke bayanka amana ce. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.