Mai Bi da Likita Mai Zafin Rai

Ya ɗan'uwana mai karatu, wataƙila Allah ya sa abincinka a aikin asibiti, ko kai nas ne, ko mai haɗa magani, ko mai wanke gyambo, ko mai share ɗakin majinyata. 'Yar'uwa ungozoma ma da ita nake. Yawancin likitoci mutane ne masu tausayi da kamun kai, amma akan sami wani wanda in abu kaɗan ya ɓata masa rai sai ya daka tsawa, ya zagi na ƙasa da shi a gaban majinyata, har wani lokaci ya yi jifa da almakashi a ɗakin tiyata. Yau fara'a, gobe ya kira ka jaki. Yanzu kuwa da ka karɓi Yesu Almasihu, ana koya maka haƙuri da tawali'u, lalle za ka tambayi kanka, "Ashe, sai in yi shiru ke nan har abada?" Ga amsa a taƙaice. Laifin da aka yi maka kana da iko ka yafe, amma ran majinyaci ba naka ba ne, balle ka sayi zaman lafiya da shi.

1. Ɓarnar da zafin rai ke yi

Waɗansu sukan ce, "Ai halinsa ne kawai, hannunsa kuwa yana da kyau." To, ka duba yadda abin yakan tafi. Nas ta ga an rubuta wa jariri awon magani irin na babba. Ta san ya kamata ta tambaya, amma ta tuna da zagin jiya, sai ta ce a ranta, ai ya fi ni sani. Da tsakar dare numfashin wani ya sāke, mai kwana a ɗakin ya ji tsoron ta da likita daga barci, ya jira gari ya waye. Ta haka tsawar da aka yi wa ma'aikaci takan sauka a kan mara lafiya, wanda bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Masana sun tabbatar da wannan. A shekara ta 2008 hukumar da ke duba asibitocin Amurka, wadda ake ce da ita Joint Commission, ta yi gargaɗi cewa tsoratarwa da wulakanci tsakanin ma'aikata suna jawo kuskure a jinya, ta kuma wajabta wa asibitocin da take dubawa su rubuta dokar ɗa'a daga 2009. A 2015 kuma aka buga labarin wani gwaji da aka yi a Isra'ila. An ba ƙungiyoyi 24 na likitoci da nas-nas mutum-mutumin jariri su yi jinyarsa, aka sa wani baƙon masani ya yi wa waɗansunsu maganar raini. Waɗanda aka raina aikinsu ya ragu wajen gane cutar da wajen yin magani, gama sun rage gaya wa juna abin da suka gani, sun kuma rage neman taimako.

2. Ka fara da zuciyarka

Ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa likita ɗaya ne a kan mutane masu yawa, ya kwana biyu bai runtsa ba, ko wani ya mutu a hannunsa da safe. Wani kuwa girman kai ne ya kama shi, domin ya daɗe ba wanda ya ce masa a'a. Wannan ba ya wanke shi, amma zai hana ka ƙinsa. Ka tuna Luka, wanda ya rubuta Bishara da Ayyukan Manzanni, likita ne, Bulus kuwa ya ƙaunace shi ƙwarai. Ka yi wa naka likitan addu'a da sunansa.

Ka kuma rarrabe tsakanin umarni da zagi. Sa'ad da jini ke zuba, likita ya ce, "Miƙo! Maza!" ba laifi ya yi ba, gama lokacin ba na gaisuwa ba ne. Idan kuma ya tsawata maka domin ba ka cika katin majinyaci ba, ka gyara aikinka, ko da bakinsa ya yi kaushi. Sa'an nan ka kiyaye harshenka daga tsegumi. Zagin likita a bayan idonsa, a wurin cin abinci, bai taɓa warkar da kowa ba.

3. Sa'ad da abin ke da zafi

Kada ka rama zagi. Ka karanta labarin Na'aman a Littafin Sarakuna na Biyu, sura 5. Shi babban sarkin yaƙin Suriya ne, kuturu. Da Elisha ya aika masa ya yi wanka sau 7 a Kogin Urdun, sai ya juya da hasala zai koma gida da cutarsa. Barorinsa ba su yi shiru ba, ba su kuwa yi masa rashin kunya ba. Suka matso da ladabi, suka nuna masa abin da ke gabansa, ya ji, ya warke.

Haka kai ma. Ka sassauta murya, ka bar zancen halinsa, ka kama zancen majinyaci, ka ambaci abin da idonka ya gani. Ka ce, "Likita, ranka ya daɗe, yaron nan kilo 8 ne nauyinsa, awon da aka rubuta kuwa na babba ne. Ina roƙonka ka sake dubawa kafin in ba shi." Idan ya daka maka tsawa, ka maimaita sau na biyu da murya irin ta fari. Idan ya ƙi, kai kuwa ka tabbata akwai haɗari, kada ka ba da maganin. Ka kira shugabar nas-nas ko wani likita nan take. Amma kada ka sāke awon da kanka, gama wannan ba matsayinka ba ne.

Ungozomomin nan biyu na Masar, Shifra da Fu'a, Fir'auna da kansa ya umarce su su kashe jarirai maza na Ibraniyawa, suka ƙi domin tsoron Allah, Allah kuwa ya sa musu albarka. Ko masu mulkin asibiti na zamanin nan sun gane amfanin bakin ƙaramin ma'aikaci. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar abubuwa 19 da za a duba a kowace tiyata. Ɗaya daga cikinsu shi ne kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a sa wuƙa, gama wanda aka riga aka ji muryarsa ya fi samun ƙarfin halin magana in ya ga kuskure.

4. Bayan ya huce

Ubangijinmu ya koya mana tsari a cikin Matiyu sura 18: a sami mai laifi a keɓe tukuna, in ya ƙi ji a koma da shaida ɗaya ko biyu, in ya ƙi kuma a kai ga jama'a. Domin 'yan'uwa cikin ikilisiya aka ba da shi, amma hikimarsa tana aiki a asibiti, inda shugabanni ke a matsayin jama'a. Asibitin Jami'ar Vanderbilt a Amurka ma irin matakan nan ya shimfiɗa: da fari wani abokin aiki ya zauna da likitan su sha kofi, ya gaya masa abin da aka gani, sai in abin ya yi ta maimaituwa shugabanni su shiga.

Saboda haka ka nemi lokacin da ya natsu, ka ce, "Likita, jiya ka zage ni a gaban mai haihuwa. Ina so in yi maka aiki da kyau, amma zagi yana sa hannuna rawa." Wani bai san yadda maganarsa ke sauka ba sai an gaya masa. Idan bai sāke ba, ka riƙa rubutawa: rana da sa'a, kalmomin da ya faɗa daidai, waɗanda ke wurin, da abin da ya sami majinyaci. Kada ka ƙara gishiri, kada ka rubuta "mugu" ko "azzalumi". Ka kai wa shugabar nas-nas, daga nan babban likitan asibiti. A Nijeriya akwai Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori, wadda ke da masu bincike da kotun ladabtarwa, tana kuwa da iko ta dakatar da likita ko ta soke sunansa.

Amma idan ya kai ga duka, ko neman mace da barazanar korarta, ko zuwa aiki a buge, kada ka je wurinsa kai kaɗai. Ka kai ƙara ran nan. Idan kuwa likitan mai bi ne, ko dattijon ikilisiya, wannan bai keɓe shi ba. Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya.

5. Gafara da gaskiya

Kada wani ya ruɗe ka cewa mai kai ƙara bai yafe ba. Bulus, da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, ya nuna wa mai tsaron kurkuku hanyar ceto da dare, da safe kuwa ya ce sai mahukunta sun zo da kansu sun fitar da shi. Gafara tana cire ɗaci daga zuciyarka, ƙara kuwa tana tsare wanda zai kwanta a gadon nan gobe. Likitan ma alheri ka yi masa, gama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ban ce maka hanyar ba ta da ƙaya ba. Mai yiwuwa a canja maka wurin aiki, ko abokai su guje ka, har ma aikin ya kuɓuce. Domin wannan kada ka ɗauki kayan kai kaɗai. Ka gaya wa dattawan ikilisiyarku su tsaya tare da kai cikin addu'a da shawara.

Tambayoyi domin nazari

1. Mene ne bambancin umarnin gaggawa da zagi?
2. Me barorin Na'aman suka yi da maigidansu ya hasala?
3. Waɗanne laifofi ne ba a jira a yi maganarsu a keɓe?

Allah shi ba mu tattausan harshe da zuciya mara tsoro, domin Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.