Korar Ɗan Sanda Mai Laifi: Abin Da Take Ci Wa Jama'a

Wannan bayani domin hakimai ne da malaman gunduma, musamman na ƙasar Yandaka a Dutsin-Ma da ta Maraɗi a Kurfi.

A zamanin En'e, idan ɗan doka ya ci amana, En'en Katsina ce ke tuɓe shi, asarar kuwa baitulmali ke ɗauka. A mulkin Janar Gowon aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya. Yanzu Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora ikon kora a kan Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, ga kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020.

Kora wajibi ce ga mai cin hanci ko mai zaluntar talakawa, amma ba kyauta take ba. Asararta iri uku ce.

Ta farko, kuɗin horo. Abincin kurtu da kakinsa da albashin masu koya masa a makarantar 'yan sanda ta Kaduna duk daga dukiyar jama'a suka fito. Ran da aka kore shi sun tafi ke nan, sai an sāke kashe wasu a kan magajinsa.

Ta biyu, kuɗin shari'a. Idan aka kori mutum ba a saurare shi ba, yana iya kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. In ya yi nasara, kotu na iya mayar da shi aiki, a biya shi albashinsa na baya. Watau gaggawa ta haifi nawa.

Ta uku ta fi sauran muni. Korarre ya san bindiga, ya san hanyoyin tsaro. Tun 2023 da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma saboda 'yan bindiga, shaidar masu ƙasa a kan halin mai neman shiga ta ƙara nauyi. Mugu ɗaya a cikinta na iya jawo asarar rayuka.

Saboda haka, kada hakimi ya sa hannu a takardar shaidar kowa sai dagaci da mai unguwa sun tabbatar da inda ya taɓa aiki da dalilin barinsa. Malami ya rubuta amsar a rajista, da kwanan wata. In an ga korarre da kaki, a sanar da babban jami'in 'yan sanda na yankin nan take. Wanda ya tuba kuwa, a taimake shi da gona ko sana'a.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.