Kafin ka kwanta a kan allon nan

Ɗana, na ji kuna shirin zuwa Jinja kai da abokan karatunka, ku shiga Kogin Nilu a kan allon nan na roba da ake kwanciya rub da ciki, ruwa ya kwashi mutum ya ratsa da shi tsakanin duwatsu. Ba zan hana ka ba. An fara wasan ne a kogunan tsaunukan Faransa a ƙarshen shekarun 1970, ga shi yau ana yinsa daga Kogin Zambezi har Niyu Zilan.

Masu shirya wasan za su ba ka hular kwano, rigar da ke hana nitsewa, da takalmin iyo mai faɗi kamar ƙafar agwagwa. Ka ɗaure kowanne tamau. Ka tambayi matakin ruwan da za ku bi, domin ana auna haɗarinsa daga 1 zuwa 6, na 6 kuwa ko gwanaye kauce masa suke yi.

Abin da ya fi damuna yana ƙarƙashin ruwa, inda ido ba ya kaiwa. In allo ya kuɓuce maka, zuciyarka za ta ce ka miƙe tsaye. Kada ka bi ta. Ƙafa na shiga tsakanin duwatsu biyu, ruwa zai danne bayanka ya kifa ka, ko da zurfinsa bai wuce ƙugu ba. Ka kwanta rigingine, yatsun ƙafarka a saman ruwa suna fuskantar inda yake gangarawa, har ka kai inda ya lafa. Bishiyar da ta faɗi cikin kogi ma ka yi nesa da ita. Ruwa yana bi ta tsakanin rassanta ya wuce, mutum kuwa nan yake maƙalewa.

An ce iya ruwa fid da kai, amma wanda dutse ya riƙe sai wani ya fid da shi. A 2008 wata budurwa 'yar Ingila ta rasu a Kogin Kawarau na Niyu Zilan tana wannan wasa. Ta maƙale a ƙarƙashin dutse, jagororinta kuma ba su zo da igiyar ceto ba. Kotu ta ci tarar kamfanin da ya shirya wasan.

Don haka kafin ka biya kuɗi, ka ce wa jagoran ya nuna maka igiyarsa, ya gaya maka wa zai jira ku a ƙasan kowace gangara. In ya fara kame-kame, ka bar masa allonsa, ko da abokanka za su kira ka matsoraci.