Aikin Ƙuna Don Daidaita Bugun Zuciya: Abin Da Yake Yi Wa Ɗakunanta

Sau da yawa akan sami magidanci a Kasuwar Gamboru ta Maiduguri yana kukan zuciyarsa tana dakan uku-uku, in ya ɗauki buhu kuwa sai haki. Waɗansu sukan ce iska ce, alhali sau da yawa ciwo ne na rikicewar bugun zuciya, wanda likitoci suka san shi sarai.

Ita zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama su ne ke karɓar jini su tura wa na ƙasa, na ƙasa kuma su harba shi cikin jiki. Wani ɗan lantarki ne na halitta ke ba su umurni. Idan ya rikice, sai ɗakunan sama su daina matsawa, su shiga makyarkyata kawai. Da haka ɗakunan ƙasa kan rasa wajen kashi 20 cikin 100 na jinin da ya kamata su samu. Jinin da ya kwanta a sama kuma yana iya daskarewa, gudansa ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

A shekarar 1998 Likita Michel Haïssaguerre na birnin Bordo a Faransa ya nuna cewa rikicin yakan taso ne daga bakin jijiyoyi huɗu da ke kawo jini daga huhu zuwa ɗakin sama na hagu. Maganin kuwa shi ne a zura siririyar waya ta jijiyar cinya har cikin zuciya, a ƙona kewayen bakin jijiyoyin nan, ko a daskarar da shi da sanyi. Kamar lalas ne, amma daga ciki. Tabon da ya fito shi ke tare lantarkin da ya kauce hanya.

Ɗakin ƙasa shi ya fi cin moriya. Da zarar bugu ya daidaita, sai ya sami sukunin cika, ƙarfinsa ya farfaɗo. A wani bincike da aka buga a 2018 kan masu raunin zuciya 363, mutum 24 ne suka rasu cikin waɗanda aka yi wa aikin, 46 kuwa cikin waɗanda aka bari da magani kaɗai.

Sha'anin ɗakin sama dabam ne. Bayan aikin yakan yi sanyi na kwanaki ko makonni kafin ya koma matsawa sosai, don haka tilas ne a ci gaba da shan maganin tsinka jini aƙalla wata 2, kome sauƙin da mutum ya ji, kuma likita ne kaɗai zai ce a daina. Sannu a hankali ɗakin yakan rage faɗi. Amma in ƙunar ta yi yawa, tabo kan sa shi tauri, haki ya komo.

Ɗakin da ya daɗe da buɗewa ba ya cika amsa wannan aiki. A ƙasar nan hawan jini ne ke yawan buɗa shi, da kuma lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi wa magani ba. Saboda haka wanda ya ji bugunsa yana tsalle, ya hanzarta zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, a auna bugun, a ɗauki hoton zuciyar don a ga girman ɗakin.